Wanda ya koya mini aiki ne ɗalibina yanzu, kuma yana so in rufa masa asiri

Assalamu alaikum. Ni malama ce a sashen da ake horar da ma'aikatan agajin gaggawa, masu bin motar asibiti. Bana aka fara ba ni duba kundin digiri na biyu, kuma cikin ɗaliban da aka haɗa ni da su akwai mutumin da ya koya mini aiki lokacin da na fara hawa mota. Ya girme ni nesa ba kusa ba, har gobe Malam nake ce masa. Yana aikinsa na mota, yana kuma koyar da farfaɗo da zuciya na wucin gadi a sashenmu. Bincikensa shi ne ya nuna cewa wani salon horo da ya ƙirƙiro a kan mutum-mutumin roba yana ceton rai. Da na buɗe babi na uku sai na tarar ya riga ya raba wa ɗalibansa kusan 40 takardar tambayoyi kafin horon da bayansa, a cikin aji, kowa da sunansa a kai, kuma bai nemi izinin kwamitin ɗa'ar bincike ba. Abin da ya tambaye su shi ne ko sun ƙara samun ƙwarin gwiwa. Yanzu ya ce in sa hannu a takardar neman izini, kada mu ambaci cewa an riga an tattara bayanan. Babi na ɗaya da na biyu kuwa, saboda kunya, kusan ni na sake rubuta masa su. Ina jin nauyinsa ƙwarai, na rasa ta inda zan fara. Me zan yi?

Wa alaikumus salam, Malama.

Kada ki sa hannu a takardar nan. Na fara da wannan ne saboda cikin duk abin da kika lissafa shi kaɗai ne in kin yi ba ya warwaruwa. Tambayar bincike ana rage ta, babi ana sake shi, ran babba ko ya ɓaci yana hucewa. Amma ranar da sunanki ya hau takardar da ta ce za a tattara bayanai, alhali suna cikin jakarsa tun watannin baya, magana ta tashi daga kuskuren ɗalibin da bai san ƙa'ida ba ta koma ƙaryar da mutum biyu suka zauna suka shirya. A cikin biyun kuma ke ce aka ɗauka aiki don ki san ƙa'idar. Irin wannan ba ya ɓuya. Ɗalibai 40 sun san ranar da suka cike takardun, kuma bakin mutum ɗaya ya isa.

Ban ɗauki Malam a matsayin maƙaryaci ba, kuma ina ganin ke ma ba ki ɗauke shi haka ba. Duk wanda ya daɗe a mota ya saba da tsari ɗaya: a taimaki mara lafiya tukuna, a cike takarda daga baya. A kan titi wannan shi ne daidai, babu wanda zai bar mutum yana zubar da jini ya tsaya rubutu. Shi kuma ya ɗauko tsarin ya shigo da shi bincike, inda abin yake a juye. A idonsa izinin kwamiti wata takarda ce kawai da ake cikewa don ofis. Zai ma ce miki ai bai yi wa kowa allura ba, tambaya ce kurum, wa aka cutar?

Ga amsar da za ki ba shi. Ya tuno ajin a ranar. Yana tsaye a gaba, shi ne zai ba su maki a jarrabawar gwaji, wataƙila shi ne zai rubuta musu takardar shaida in sun nemi aiki. Wata yarinya a kujerar baya ta karɓi takarda, ta ga wurin rubuta suna a sama, ta karanta tambaya: shin horon nan ya ƙara miki ƙwarin gwiwa? A zuciyarta ta san har yanzu hannunta na rawa in ta ɗora a ƙirjin mutum-mutumin. Ta ɗaga kai suka haɗa ido. Me za ta rubuta? Kuma in ba ta son cikewa gaba ɗaya, ta wace ƙofa za ta fita? Sanarwar Helsinki ta 1964, wato ƙa'idojin da likitocin duniya suka gindaya wa bincike a kan ɗan Adam, wadda aka yi wa gyara a Tokyo a 1975 aka sa sharaɗin a kai tsarin bincike gaban kwamiti mai zaman kansa, ta yi gargaɗi na musamman a kan wanda yake ƙarƙashin mai binciken, har ta ce wani da ba shi da hannu a wannan alaƙa ne ya kamata ya nemi yardarsa. Don marasa lafiya aka rubuta ta, amma jami'o'i suna bin wannan hankalin a kan malami da ɗalibinsa. Da ya je kwamiti tun farko, abin da za su fara ce masa ke nan: a cire sunaye, wani ya raba takardun, shi ya fita daga ajin, a kuma bayyana wa yara cewa ƙin shiga ba zai taɓa makinsu ba. Wato ba izini kaɗai takardun nan suka rasa ba. Amsoshin da ke cikinsu ma ba abin dogaro ba ne, domin ladabi ne aka auna, ba ƙwarin gwiwa ba.

Abin yi da su a yanzu mai sauƙi ne, ko da yake ba daɗi. A daina taɓa su, kada a shigar da komai a kwamfuta, a kulle su. Ku je tare wurin mai kula da karatun gaba da digirin farko a sashenku, ko sakataren kwamitin, ku faɗi abin da ya faru yadda ya faru. Galibin kwamitoci ba sa ba da izini ga abin da aka riga aka gama, saboda haka ki shirya masa zuciya cewa takardun ba za su shiga kundi ba. Ko za a lalata su, ko akwai wata hanya da dokar jami'arku ta yarda da ita, hukuncin na kwamiti ne, ba naki ba, ba nasa ba. Wanda ya kai kansa ya ce na yi kuskure, ku nuna mini gyara, ba a yi masa kallon wanda aka kama.

To amma ki sani, ko da yana da izini tun ranar farko, wannan binciken ba zai nuna abin da yake so ya nuna ba. Nan ne ainihin aikinki na mai duba kundi, kuma nan ne za ki fi amfanar da shi.

Masu nazarin horo sun daɗe suna amfani da matakai huɗu da Donald Kirkpatrick ya kawo a 1959: yadda mahalarta suka ji game da horon, abin da suka koya, ko halinsu a wurin aiki ya canza, sannan sakamakon ƙarshe, wanda a fanninku shi ne mara lafiya ya rayu. Malam ya tsaya a mataki na ɗaya yana da'awar na huɗu. Kusan duk horon da aka yi a duniya, mai kyau da mara kyau, in ka tambayi mutane da yamma za su ce sun ƙara samun ƙwarin gwiwa. Kuma jin cewa na iya daban, iyawa daban. Wani bita da aka buga a mujallar likitoci ta JAMA a 2006, wanda ya tattara binciken da suka kwatanta yadda likitoci ke auna kansu da yadda wasu suka auna su, ya tarar sau da yawa biyun ba sa haɗuwa, kuma a wasu binciken waɗanda suka fi rauni su ne suka fi yarda da kansu. Na san Malam ya ga wannan da idonsa: sabon ma'aikacin da ya fi kowa baki a aji, ranar da aka kira su ga tsayawar zuciya ta gaske ya tsaya riƙe da jaka.

Ita kuwa tambayar ceton rai, ki nuna masa girman abin da take ci. Binciken PARAMEDIC2, wanda jami'ar Warwick ta jagoranta aka buga a 2018, ya so ya san ko allurar adirenalin tana taimaka wa wanda zuciyarsa ta tsaya a wajen asibiti. Sai da hukumomin motar asibiti biyar na Ingila da Wales suka haɗu, aka bi marasa lafiya 8,014, kafin a ga bambancin: kashi 3.2 cikin ɗari na waɗanda aka ba maganin sun kai kwana 30 da rai, kashi 2.4 na waɗanda ba a ba su ba. Bambancin bai kai kashi ɗaya ba, ga dubban mutane, ga shekaru, ga kuɗi. Wannan fa magani ne da ke shiga jijiya kai tsaye. Horo kuwa sai ya bi ta kan ɗalibi, ya jira ya gama makaranta, ya samu aiki, ya haɗu da abokin aikin da zai bar shi ya yi yadda aka koya masa, ya isa wurin a kan lokaci. Aji ɗaya da kundin shekara ɗaya ko biyu ba za su iya ɗaukar wannan ba, kuma mai jarrabawa na waje zai gani tun daga shafin farko.

Kada ki tsaya a rushewa. Ki je masa da tambayar da za ta yiwu, kuma tana nan a ɗakin gwajinku. Ƙa'idar danna ƙirjin babban mutum sananniya ce: zurfin santimita 5 zuwa 6, sau 100 zuwa 120 a minti, a bar ƙirji ya dawo gaba ɗaya bayan kowace dannawa, a rage tsayawa. Yawancin mutum-mutumin zamani suna auna waɗannan da kansu su fitar da lamba, ba ruwansu da wanda ya koyar. An kuma daɗe da sanin cewa wannan ƙwarewa tana fara zubewa cikin 'yan watanni bayan horo. Saboda haka tambaya mai kyau ita ce: waɗanda aka horar da salon Malam, da waɗanda aka horar da salon da aka saba, su wa suka fi riƙe zurfi da sauri a ranar horo, da bayan wata uku, da bayan wata shida? A raba ɗalibai gida biyu ta hanyar ƙuri'a, ba shi zai zaɓa ba. Wanda zai auna kada ya san wane gida ɗalibi ya fito. Bayan an gama a ba ɗaya gidan horon su ma, don kada wani ya ce an tauye shi. Kuma ku ga masanin ƙididdiga kafin a auna mutum ko ɗaya, ya faɗa muku ko adadin da kuke da shi zai isa ya nuna bambanci. Mutane sukan je wurinsu bayan an gama tattarawa, lokacin da abin da ya rage kawai shi ne jaje. In ya ce 40 ba su isa ba, kundin zai iya zama gwajin ko tsarin zai yiwu: mutum nawa suka yarda su shiga, nawa suka dawo a wata na shida, me ya hana sauran. Wannan kundi ne halastacce, muddin ya faɗi iyakarsa.

Akwai wata hanyar kuma, wadda a ganina ta fi dacewa da mutum irinsa. Ya yi hira mai zurfi da waɗanda suka gama makaranta suka yi shekara guda a mota, ya ji me suka riƙe daga abin da aka koya musu, me suka yar, kuma wa ya sa suka yar. Shekarunsa a fagen za su sa ya ji abin da baƙo ba zai ji ba, ya san tambayar da za ta biyo baya. Hanyar fitar da jigogi daga hira da Braun da Clarke suka tsara a 2006 tana koyuwa ga mai farawa. Sharaɗi ɗaya ne: kada su kasance mutanen da yake shugabanta a wurin aiki, in ba haka ba an koma gidan jiya.

Ko wacce ya zaɓa, ki tambaye shi tun yanzu, ido da ido: Malam, in sakamako ya nuna salonka bai fi na da ba, za ka rubuta haka? Shi ya ƙirƙiro horon, yana sonsa, kuma ya shigo da niyyar tabbatarwa ne, ba da niyyar bincikawa ba. Ki ba shi labarin binciken PARAMEDIC na farko da aka buga a 2015, wanda ya gwada na'urar LUCAS-2 mai danna ƙirji da kanta a kan marasa lafiya 4,471. Na'ura ce da ba ta gajiya, ba ta rage zurfi, hankali ya ce dole ta fi hannu. Aka tarar ba ta ƙara yawan masu kai kwana 30 da rai ba. Ba wanda ya ce binciken ya faɗi. Ya amsa tambayar da ya yi, hukumomi suka san inda za su sa kuɗinsu.

Yanzu batun nauyin da kike ji. Ba ke kaɗai ba ce, fannin ne haka. Sana'ar ta daɗe a titi kafin ta shiga jami'a. A 1967 ne aka kafa Freedom House, wata ƙungiyar motar asibiti, a Pittsburgh ta Amurka, inda Dakta Peter Safar ya horar da matasa baƙaƙen fata su yi wa mara lafiya aiki tun a hanya maimakon ɗauka da gudu kawai. Amma sai a Disambar 2018 Ostiraliya ta fara yi wa faramedik, wato ma'aikatan agajin gaggawa, rajista ta ƙasa baki ɗaya, kuma sai a Satumbar 2021 Birtaniya ta mayar da digiri mafi ƙarancin matakin sababbin kwasa-kwasan da ke kai mutum ga rajista. Sakamakon haka manyan da suka gina aikin da hannunsu, da takardar shaidar 'yan watanni suka fara, yanzu suna dawowa neman digiri na biyu, suna tarar da yaran da suka horar a kan kujerar malami. Abin da ya sani ba ki kai shi ba, wannan ba gardama. Amma abin da ya zo nema wurinki wani ilmi ne daban, kuma jami'a ta haɗa ku ne don kina da shi.

Ki ci gaba da ce masa Malam, ki miƙe in ya shigo, babu abin da ya hana. Girmamawa tana cikin yadda za ki faɗa, ba ta cikin abin da za ki ɓoye. Ki zaɓi ranar da ba daga aikin dare ya fito ba, ku biyu kaɗai, ƙofa a rufe. Ki fara da abin da shi ya san gaskiya ne: "Malam, kai ka koya mini cewa ba a rubuta bugun jinin da ba a auna ba, ko da an tabbata lafiya lau yake. Takardar nan da ka ce in sa wa hannu irinta ce. Ba zan iya ba, kuma ba na so sunanka ya shiga ciki. Ga abin da nake ganin zai fitar da mu." Daga nan sai ki ajiye masa sabuwar tambayar a rubuce, shafi ɗaya. Zai iya yin shiru, zai iya cewa yau ke ce kike gaya mini haka. Kada ki cike shirun da ban haƙuri har ki janye maganar. Ki bar shi ya tafi da shafin.

Ki kuma nemi sashe ya haɗa ku da mai duba kundi na biyu, wanda ya taɓa kai ɗalibai ƙarshe kuma ba shi da tsohuwar alaƙa da Malam. Wannan ba gazawa ba ce. Da ma bai kamata a bar wadda ke duba kundinta na farko ita kaɗai ba, balle a kan tsohon malaminta. Ki faɗa wa shugaban sashe alaƙarku a fili in bai sani ba.

Babi biyun da kika rubuta masa, ki daina daga yau. Taimako kika yi niyya, amma ranar wanka ba a ɓoyon cibi: a zauren kare kundi za a buɗe shafi a ce me kake nufi da wannan jimla, me ya sa ka zaɓi wannan marubuci ka bar wancan, kuma ba za ki iya amsa masa ba. Da yake tambayar za ta canza, babin ma dole su canza, saboda haka kin samu hanyar gyara ba tare da tone-tone ba. Ki mayar masa da nasa na asali ya gina a kai. In ya kawo sabo, ki ɗauki shafi biyu ki yi musu aiki sosai, ki nuna a gefe inda hujja ta yanke da dalilin da ya sa, sannan ki ce ya bi sauran da kansa. Mutanen mota suna rubutu gajere, a tsaye, kamar rahoton miƙa mara lafiya: abin da aka gani, abin da aka yi, lokaci. Wannan ba aibi ba ne, ya fi kumbura-kumburan da wasu ke yi. Abin da yakan rasa shi ne "saboda haka" da "amma", wato haɗa wannan binciken da wancan a nuna inda suka saɓa. Shi za ki koya masa.

Sai lokaci. Sabon izini, sabon tattara bayanai da jiran wata shida za su iya ƙara masa zango, kuma gara ya ji wannan daga bakinki yanzu. Ku duba dokar jami'a a kan ƙarin wa'adi ko komawa karatun wucin gadi. Ku sa ranakun haɗuwa daga jadawalin aikinsa, ba daga naki ba. Bayan kowace haɗuwa shi zai turo miki saƙon imel na layi biyar: abin da aka amince, wa zai yi me, zuwa yaushe. Ki yi haka da duk ɗalibanki don kada ya ga kamar shi aka ware.

In kuma ya ƙi, ya dage sai an yi amfani da takardun, ki rubuta masa matsayinki a gajarce cikin ladabi, ki sanar da mai kula da karatun, ki ajiye kwafi. Yana da damar ya nemi a canza masa mai dubawa, kuma in ya nema kada ki tsaya masa a hanya. Sai dai duk wanda zai karɓe shi ya san tarihin takardun nan kafin ya karɓa, kuma ta hannun sashe zai sani, ba ta hirar ofis ba.